He daban, Het daban

Ka ce wani fasto ya kawo aikin allo da baƙaƙen Ibrananci, kana son sanin yadda ake kiran sunayensu. To zauna, yaro. Baƙaƙe 22 ne, kuma da ka tsaya a makarantar allo da rabin aikin ya ƙare: alef, bet, gimel, dalet, ai abajada ce. He, vav, zayin, hawwaza. Jerin bai saɓa wa namu ba har kalaman, wato kaf, lamed, mem, nun. Daga dama ake rubutu, wannan ko jariri ya sani.

Inda ake zubar da kuɗi shi ne he da het. He ha kuri ce, iska kawai. Het ha ƙarami ce, daga maƙogwaro, ko da yake yawancin mutanen Isra'ila na yau suna kankare ta kamar ha mai ruwa. A rubuce kuwa, 'yar kafa ce a ƙafar hagu ta raba su. He tana da ita, het a rufe take.

Wani ɗan kwangila a Jos ya ba ni aikin Zabura 119 a dutsen marmara, mai sassa 22, kowane sashe da baƙinsa a kai. Ta waya ya riƙa karanto mini waɗanda yake so. Ya ce "he". Na ce wacce? Ya ce shi ya yi karatun tauhidi, ni in riƙe guduma. Na sassaƙa abin da bakinsa ya faɗa. Da dattawan coci suka ce het ake nufi, sai ya rantse a gabansu het ya ce mini. Marmarar da kuɗina na sayo ta, ga ladan yara, ga mota. Ko sisi bai biya ba, kuma ya ɗauke dutsen wai zai kai a gyara. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Ku 'yan yanzu sai ku danna waya ta furta muku. Wayar za ta ce tet da tav duk "t" ne, kaf da kof duk "k", alhali tet ɗa mai hannu ce, kof kuwa ƙaf wau. Vav ma wani zai ce maka waw, baƙi ɗaya ne.

Koma wurin faston nan, ya zana kowane baƙi da hannunsa a takarda, ya sa hannu, ya ba da rabin kuɗi. Sannan ka zo in nuna maka dalet da resh.