Amsar tambayar ƙaninmu kan kuɗin sabis ɗin shokozobar keken hawan dutse

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, rubutu ba zai ɗauke ta ba.

Ƙanina, na saurari saƙonka. Ka ce ka sayi keken hawan dutse na hannu, mai shokozoba gaba da baya, ka kai a duba maka, aka yanka maka kuɗin sabis ɗin fok, wato shokozobar gaba mai riƙe da taya, da na shokozobar baya har ka ji kamar sabon keke ake sayar maka. Kana tambaya wai ko damfara ce, tunda keken yana lotsawa yana dawowa lafiya lau. To ni dai ban ga damfara ba. Damfa dai akwai ta, tana cikin fok ɗin, kuma ita ce ke cin kuɗin. Amma ba duka kuɗin nan ne ya zama dole ka biya ba, shi ya sa na ce bari in yi magana.

Ka fara sanin abin da ke cikin fok ɗin tukuna. Ka ga bututu biyun nan masu sheƙi da ke shiga suna fita? Su ne ran fok. Suna zamewa ne cikin ƙafafun ƙasa, a kan wasu bushin, wato zobban da ke riƙe su kada su kaɗa. A bakin kowace ƙafa akwai sil na roba mai share ƙura, a ƙarƙashinsa akwai wani zoben soso da ke riƙe mai, can ƙasa kuma akwai ɗan mai kwance. Ɗan mai fa nake cewa, a wasu fok ɗin bai wuce mililita 10 a kowace ƙafa ba, cokali biyu na shayi ke nan. Ƙafa ɗaya tana ɗauke da sifirin, ko na ƙarfe ko na iska. Ɗayar tana ɗauke da damfa, wato bututun da ke tura mai ta ƙananan ƙofofi don kada fok ya harbo ka sama bayan ya lotsa. Sifirin ke ɗaukar nauyinka, damfa ke yi masa linzami.

To wannan ɗan man shi ne duk rigimar. Duk lotsawar da fok ya yi sai ya ja ƙura 'yar kaɗan ta wuce sil, komai kyan sil ɗin. Soso ya tare ta, ya tare ta, har ya cika ya bushe. Daga nan mai ya koma baƙin kwaɓi, kwaɓin kuma ya koma samfefa. Kana tuƙi, yana kankare fatar bututun a hankali, kuma a wurin da idonka ba ya gani yake farawa, can ƙasan sil. Shi ya sa maganarka ta cewa yana lotsawa lafiya ba hujja ba ce. Fok zai ci gaba da lotsawa har ranar da ya gama cinye kansa.

Ni abin ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Na yi kusan shekara biyu ban buɗe fok ɗina ba, ina taƙama wai ina wanke keke duk dawowa. Hannuna na sagewa a gangara, na ɗauka tsufa ne. Ranar da bakanike ya zare ƙafafun ƙasa, ko ɗigon mai bai fito daga ɗaya ba, bututun kuwa baƙin fentinsa ya goge, farin alminiyam ya bayyana kamar tsawon ɗan yatsa. Kuma abin haushin, galibi ba a canja bututu ɗaya shi kaɗai. Bututun biyu da kambun da ke riƙe su da sandar da ke shiga wuyan firam, duk a matse suke tun daga masana'anta, abu guda ne, haka za ka saya. Da aka haɗa min lissafi da sababbin bushin da kuɗin aiki, sai na ga gara in nemi wani fok. Man da na ƙi canjawa bai kai ko kusa da wannan asarar ba.

Yanzu lissafin lokaci. Su kamfanonin da ke ƙera shokozoba ba da kilomita suke ƙirgawa ba, da awa suke yi, awar da kake bisa keke. RockShox sun ce ƙaramin sabis duk awa 50, babba duk awa 200. Fox kuma suna cewa cikakken sabis duk awa 125 ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. Ka ɗauka kana fita sau 2 a mako, awa bibbiyu, awa 4 ke nan. Awa 50 za ta cika maka a wata uku, awa 125 wajen wata bakwai, awa 200 kuma shekara guda. In kana yawan shiga taɓo ko ƙura mai laushi, ka rage. In a shimfiɗaɗɗiyar hanya kake yawo mafi yawan lokaci, ka ɗan ƙara, ba wanda zai kama ka. Ni ra'ayina, babban sabis yana jure jinkiri kaɗan, ƙaramin ne ba ya jurewa. Mutane kuma akasin haka suke yi, su yi watsi da ƙaramin har sai babban ya zo musu da gayya.

Ƙaramin nan kai ma za ka iya. Da gaske nake. Ka cire taya, ka kwance kan birki ka rataye shi gefe don kada mai ya taɓa shi. Ka rubuta yawan iskar da ke cikin fok, sannan ka sace ta duka. Duka fa. Kada ka kuskura ka sa sifana a jikin fok ko shokozoba da iska a ciki. Sai ka cire ɗan maɓallin da ke ƙasan ƙafar damfa, ka sassauta notunan ƙasa guda biyu amma kada ka cire su gaba ɗaya, ka ɗan buga su da gudumar roba har sandunan ciki su saki, sannan ka kwance, tsohon mai ya tsiyaye a roba. Ka zare ƙafafun. Ka wanke ciki da sifirit irin na isofurofil da tsumma mai tsabta, ka ciro soson nan ka wanke ko ka sa sabo, ka jiƙa shi sharkaf da mai, ka shafa wa sil giris na shokozoba, ka mayar a hankali kada leɓen sil ya naɗe. Sai ka ɗura man da sirinji ta ramin notin, ka sa sababbin washa, ka ɗaure daidai ƙarfin da littafin ya ce, ka mayar da iska. Karon farko zai ci maka yamma guda, na uku ba zai kai awa ba. Galan ɗin mai ƙarami kuwa zai yi maka sabis da yawa.

Sai dai a nan ina roƙonka, kada ka yi dabara da mai. Baƙin man mota ko wani fesau da ka samu a gida ba nasa ba ne, wani yana kumbura roba, wani yana wanke giris ɗin da kake so ya zauna. Kuma yawan man ya bambanta daga fok zuwa fok, har daga shekara zuwa shekara. Misali fok ɗin Fox mai damfar GRIP, man ɓangaren damfa daban yake da na ɓangaren iska, domin ita wannan damfar tana zuƙar man ƙasan ta haɗa da nata. Ka zuba mata mai kauri, ka canja mata hali. Littattafan sabis ɗin suna shafukan kamfanonin kyauta, ka sa lambar da ke jikin fok ɗinka su ba ka naka.

Au, muryar ta yanke. Ina ci gaba.

Yawwa, sai babban sabis, inda kuɗin yake. Me kake saya a nan? Kana sayen kunshin sil da zobban roba na wannan samfurin, kana sayen mai kala biyu ko uku, amma mafi yawa lokacin mutum kake saya da kayan aikinsa. Za a warware damfa gaba ɗaya, a wanke wasu faifan ƙarfe sirara kamar takarda, a mayar da su a jerensu, a cika mai, a fitar da iska har kumfa ɗaya kada ta rage. Ita shokozobar baya ma ta fi wuya duk da ƙanƙantarta. A cikin yawancinsu akwai wani fistin mai yawo da ke raba mai da iskar gas, galibi naitirojin, kuma matsinsa ɗaruruwan psi ne, wato ma'aunin ƙarfin iska, a wasu ya haura 300. Ka kwatanta da tayar keken da kake sa wa 20 da wani abu zuwa 30. Sai an saita zurfin fistin ɗin da ma'auni, sai an sami abin ɗura gas ɗin, kuma kowane samfuri da irin maƙallansa da sifanunsa. Masu gyaran keke da yawa ma ba sa taɓawa, aikawa suke yi wurin ƙwararru, kai kuma kuɗin aike ya hau kanka. Wannan kada ka buɗe a gida, garin gyaran gira ka rasa ido, kuma ido na gaske nake nufi. Musamman in ka ga shokozoba ta lotse ta ƙi dawowa ko bayan ka sace iska, akwai iskar da ta maƙale a ciki, in ka kwance tana iya harbowa. Gwangwanin iskar da ke wajen shokozobar dai, in shokozobar lafiya take, shi ma ƙaramin sabis ne, ana iya yi a gida.

To ya za ka san ko lokacin babban ya yi? Ka juya maɓallin da ke saita saurin dawowar shokozoba daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka danna keken. In ba ka ji bambanci ba, damfa ta gaji. Ka saurara, in shokozobar baya tana yin cakal-cakal kamar ana taka taɓo, iska ta gauraya da mai. Ka riƙe birkin gaba ka jijjiga keke gaba da baya, in kana jin ƙwas-ƙwas kuma ka tabbatar ba boris ɗin wuya ba ne, to bushin ne. Ɗan zoben mai siriri a jikin bututu ba komai ba ne, amma in yana gangarowa, ko kullum sai ka ƙara iska, sil ya tafi.

Kai da ka sayi na hannu, ba ka san awa nawa mai shi ya yi a kai ba, kuma kowane mai sayarwa cewa zai yi bai daɗe da yin sabis ba. Ni da ni ne kai, ga yadda zan yi. In buɗe ƙafafun fok da kaina a makon nan, in ga launin man da fatar bututun. In man ya fito da ɗan haskensa, damfa kuma tana jin maɓalli, sai in bar babban sabis ɗin fok zuwa gaba, in biya na shokozobar baya kaɗai. Ka ga kuɗin ya rabu biyu. Kuma ka tambayi mai gyaran ya rarrabe maka, nawa ne kaya, nawa ne aiki, zai buɗe damfa ko mai kawai zai canja. Wani ƙaramin yake yi ya kira shi cikakke. Ka ce ya ajiye maka tsofaffin sil ɗin ka gani, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Ga masu ƙananan fok na sifirin ƙarfe a cikinmu, irin su SR Suntour XCT, ku lissafinku daban ne. Ba wata damfar kirki a ciki da za a biya ƙwararre, wankewa ne da giris, ku yi da kanku. In ya yi sako-sako har yana kaɗawa, kuɗin gyaransa zai kusa kuɗin sabo.

Abin da ya rage na kullum ne, ba ya cin ko sisi. In ka dawo, ka goge bututun da bakin sil da tsumma mai laushi, ka danna fok sau biyu uku, dattin da ya fito ka sake gogewa. Kada ka saita injin wanki mai ƙarfin ruwa a bakin sil ko a boris ɗin firam, tura dattin ciki yake yi. Lokaci-lokaci ka kifa keken na 'yan mintuna kafin ka fita, mai ya gangaro ya jiƙa soso, amma ka matsa birki ka tabbatar yana kamawa kafin ka hau. In dutse ya karce bututu, kada ka bari, bakin karcen yanka sil yake yi duk shiga duk fita, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka goge tsinin da samfefa mafi laushi da ruwa, ka cike ramin da jan farce, ya bushe ka sake lallaɓawa. Ɗan abin tare taɓo na roba a gaba ma yana rage abin da taya ke watsa wa sil. Sannan ka sayi famfon shokozoba, na taya ba zai yi ba. Ka saita iskar yadda in ka hau da kayan tuƙinka, fok zai zauna kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tsawon tafiyarsa, na baya kashi 25 zuwa 30. Iska ta yi kaɗan, kullum yana dukan ƙasa, shi ma wahalar da kayan ciki ne.

Na manta, in sirdinka irin mai sauka da maɓalli ne, shi ma akwai sil da mai a cikinsa, ka sa shi a lissafi, kuma kada ka ɗaga keke ta sirdi alhali yana sauke.

Ƙanina, ka ɗauko min hoton bututun da kyau a cikin haske, ka ɗan ja sil ɗin in ga ƙasansa, ka turo da lambar fok da ta shokozobar baya. Zan duba maka irin man da yawansa. In ka shirya buɗewa ka kira ni ta bidiyo mu yi tare, amma ka nemo gudumar roba tukuna, kada in ga ka ɗauko ta ƙarfe. Sai na ji ka.