Ku Tambayi Koci: Gwiwa na kumbura, ga gwaji ya ƙarato

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Koci. Ni ɗan shekara 19 ne daga Mabera a nan Sakkwato, ina buga tsakiya a wata ƙungiyar unguwa. Ba ni da burin da ya wuce in ga kaina ina taka leda a Turai. Ina fita gudu bayan Asuba, in je tirenin da la'asar, wani lokaci in ƙara gudu da tsakar rana don jiki ya saba da wahala. Yau kusan wata biyu gwiwata ta dama na kumbura bayan wasa. Wani abokina ya nuna mini ƙwayar da nake saya a kemis, in na sha sai in buga kamar ba komai. Na samu gurbin karatu a kwaleji, amma ina son in ajiye shi, don akwai wanda ya ce zai kai ni gwaji waje bayan Sallah. Babana ya ce ranar da na bar karatu in bar masa gida. Barci ba ya zo mini sosai, kwanan nan ma ƙwallon ba ta yi mini daɗi kamar da. Wanga al'amari ya ɗaure mini kai, mi zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Na lura rigimarka da mahaifinka ce ta fi tsaya maka a rai. Ni kuwa gwiwar ce ta tsaya mini, da ita zan fara.

Gwiwar da ke kumbura bayan kowane wasa har wata biyu ta wuce a ce gajiya. Kumburin nan ruwa ne ke taruwa a cikin gaɓar, kuma ba ya taruwa a banza: ko jijiyar da ke riƙe gaɓar ta samu rauni, ko guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya tsage, ko wani abu makamancin haka. Ƙwaya ba ta ɗinke ko ɗaya daga cikinsu. Abin da take yi kawai ta ɗauke maka zafi, alhali zafin nan shi ke hana ka taka ƙafar ta inda za ta ƙara ɓaci. Ba ka faɗi sunanta ba, amma na san abin da ke yawo a aljihun yaranmu a bakin fili. In diclofenac ce ko ibuprofen, shansu kullum yana cin ciki har ya kai ga gyambo, yana kuma wahalar da ƙoda, musamman ga mai zubar da gumi a rana bai sha ruwan kirki ba. In kuwa tramadol ce, magana ta girma. Tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, in an zarce tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta ta a lokacin gasa. Can inda kake mafarkin zuwa fitsarin ɗan wasa ake aunawa, ba a karɓar rantsuwa.

Ka ajiye takalmin ƙwallo daga yau, ka je ka ga likitan ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a asibitin ƙashi na Wamakko. Na san wani a gida zai ce a kai ka wurin mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, tun muna yara muke ganin aikinsu, amma abin da ya tsage a tsakiyar gwiwa hannu ba ya gano shi, kuma murza gaɓa mai rauni na iya ƙara mata illa. Ko hoton ƙashi da aka saba ɗauka ƙashi yake nunawa, shi ya sa wani lokaci likita zai ce sai an yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiya da guringuntsi. Bayan nan masu gashin ƙashi za su ɗora ka kan motsa jikin da zai ƙarfafa cinya. Abin da ban haushi, ga jinkiri, yaro mai jin ƙarfi ba ya son a zaunar da shi yana ɗaga ƙafa sau goma-goma. Haka za ka daure ka yi.

Tunda ka shiga asibitin, ka roƙa a auna jininka, a saurari zuciyarka. A 1996, Nwankwo Kanu ya dawo daga Atlanta da lambar zinare ta Olamfik, sai likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa. Ya tsaya, aka yi masa aiki a Amurka, ya yi jinya, ya dawo fili. A 1999 ya koma Arsenal, a shekarar kuma ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ya ci gaba da bugawa har 2012. Samuel Okwaraji bai samu wannan dama ba. Ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana tsaka da wasa da Angola, yana da shekara 25. A Maris ɗin 2020 ma Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a fili a Lafiya bai tashi ba. Rai na hannun Allah, amma an ce mu ɗaure raƙumi. Kuma ka sani duk kulob na gaskiya sai ya yi wa ɗan wasa gwajin lafiya kafin ya sa hannu. Gwiwar da kake ɓoyewa da ƙwaya, a nan za a bankaɗo ta, a sallame ka da kuɗin mota.

Sai gudun tsakar rana. Ɗana, a Sakkwato kake fa. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kwalta har laushi take yi. Wanda ya tashi a garin nan, yake tirenin da la'asar, ya riga ya saba da zafi iya sabawa. Abin da gudun azahar zai ƙara masa shi ne jiri da ciwon kai, in abin ya yi tsanani mutum ya rikice ya faɗi. Ka daina. In kana son ka ga abin da rana ke kwasa a jikinka, ka hau sikeli kafin tirenin, ka sake hawa bayan an tashi. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu. Ka duba fitsarinka da safe: in ya yi duhu kamar ruwan shayi, ruwa bai ishe ka ba. Ranar da gumi ya yi yawa, ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Abin da yaranmu suka kasa yarda da shi shi ne, ba a fili jiki ke ƙara ƙarfi ba. A fili tsoka wahala take sha, sai an huta, an ci, an yi barci sannan take ginuwa ta fi yadda take. Mai tirenin sau uku a rana babu ranar hutu kamar ɗan kasuwa ne da ke cin uwar kuɗi. Shagon cike yake a ido, ranar lissafi ake gane babu komai. Bari mu ƙirga darenka, ko da ba ka faɗa mini ba. Daren gasar Zakarun Turai ba a fitowa gidan kallo sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya. A tsaya teburin mai shayi a yi musun wa ya fi wa. A koma ɗaki a ɗauki waya har ƙarfe ɗaya. Ladan ya kira Asuba, ka ɗaura takalmi. Da ƙyar ka samu awa huɗu da rabi, alhali mai shekarunka na buƙatar bakwai zuwa tara. In ka warke, ka ware rana ɗaya ko biyu a mako da ba ka taɓa ƙwallo, ka maye gurbin gudun azahar da ƙailula. Abinci kuma ba sai na gwangwani da ake talla a Facebook ba. Fura da nono, shinkafa da wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli, zogale, kifin gulbin Rima in aljihu ya yarda, sun ishe ka.

Maganarka ta ƙarshe, cewa ƙwallon ba ta yi maka daɗi, ita ma ban ɗauke ta da wasa ba. Rashin barci, saurin fushi, nauyin ƙafa da fitar sha'awar wasa alamu ne da aka sani ga wanda tirenin ya yi wa yawa. Sau da dama hutun makonni kaɗan ke warware su. In ka huta amma ƙuncin bai tafi ba, abinci ba ya ciwuwa, ba ka son shiga mutane, to ka faɗa wa likita kamar yadda za ka faɗa masa ciwon gwiwa. Ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba.

To, karatu. Ba zan ce maka ɗan Sakkwato ba ya kaiwa ba, don Shehu Abdullahi a garin nan aka haife shi, ya buga wa Kano Pillars, ya fita waje, ya ciyo tagulla da Najeriya a Olamfik na Rio a 2016, ya kuma je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Amma ka tuna mutum 23 aka ɗiba zuwa Rasha daga ƙasar nan kaf. Ka zaga filin Giginya da filayen makarantun unguwanni da yamma ɗaya ka ga yawan masu irin burinka. Akwai yaran da na gani da idona, waɗanda in sun karɓi ƙwallo sai fili ya yi tsit, yau suna kabu-kabu da ɗingishi. Kabu-kabu sana'a ce ta halal, ban ce komai a kanta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba zaɓa suka yi ba, ita kaɗai ta rage musu. Ko wanda ya yi sa'a ma, ƙwallo na sallamar mutum yana da shekara talatin da 'yan kai, ga iyali, ga sauran rayuwa a gaba.

Kuma wa ya ce maka sai an bar ɗaya ake kama ɗaya? A cikin 'yan Green Eagles, wato Super Eagles ta yanzu, da suka ci kofin Afirka a Legas a 1980, Segun Odegbami ya karanta injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka kuma lauya ne da daga baya ya zama kwamishinan shari'a na Jihar Ribas. Makarantun gaba da sakandare na da gasanninsu: NUGA ta jami'o'i, NIPOGA ta kwalejojin fasaha, NICEGA ta kwalejojin ilimi. Lacca da safe take, tirenin da la'asar. Ga shi kwantiragin da kake fatan sa wa hannu da Turanci za a rubuta shi, mai shafuka da yawa, kuma wanda ba ya iya karanta abin da ya sa wa hannu, wani ne ke cin guminsa.

Mahaifinka ya yi zafi, amma tsoro ne ke magana a bakinsa. Kada ka tunkare shi kai kaɗai da gardama. Ka sami baffanka ko kawunka wanda yake jin maganarsa, ku je bayan Isha'i, ka durƙusa ka ce ka karɓi karatu, kana roƙon ya bar maka la'asar ɗinka. Ka kuma gaya masa gaskiyar gwiwar da ta ƙwayar, don kuɗin asibiti daga aljihunsa za su fito. Batun mai kai ka gwaji kuwa, karanta amsar da na ba Hajiya a ƙasa, ta shafe ka.

TAMBAYA: Malam Koci, ni uwa ce daga Runjin Sambo. Ɗana shekararsa 16. Wani mutum ya zo har gida da hotuna a waya, ya ce zai kai shi wani kulob a Turai in mun biya kuɗin biza da na jirgi. Yaron ya hana ni sakat, har na fara tunanin sayar da filin da na gada. Ina neman shawara.

AMSA: Hajiya, ki riƙe filinki. Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙar 'yan wasa, ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga ƙasarsa zuwa kulob na wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi, misali in iyayensa ne suka ƙaura can don wani dalilin da ba ƙwallo ba. Ke kuwa kina Runjin Sambo. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke aiko da takardar gayyata da sunansa, kuma bisa al'ada shi ke ɗaukar ɗawainiya. Hoto da wani ɗan wasa ba shaida ba ce, kowa na iya tsayawa a ɗauke shi.

Ki sa mahaifin yaron ko wani babba a gidan ya nemi mutumin ya kawo lasisinsa na dillancin 'yan wasa, wanda FIFA ke bayarwa bayan jarrabawa tun 2023, da takardar gayyatar, a kai su ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a duba. Kada a ba shi fasfon yaron ya riƙe. In ya kawo shawarar a canza shekarun yaron a takarda, a ƙi. Tun gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009 ake amfani da hoton MRI na wuyan hannu wajen tantance shekaru, kuma takardar ƙarya yaron take bi, ba dillalin ba. Kafin nan yaron ya zauna ya rubuta WAEC ɗinsa, ya ci gaba da bugawa a gida inda idonki ke kansa.