Tambaya da Amsa: Kufan Garin Shaƙatawa da Tafki Ya Haɗiye a Ajantina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga hotunan wani kufai a bakin tafki a ƙasar Ajantina, inda gine-gine suka ruguje suka yi fari fat, bishiyoyi kuma suka bushe a tsaye kamar ƙasusuwa, aka ce wai da can wurin shaƙatawa ne na masu hutu. Mene ne tarihinsa, kuma me ya sa ciyawa da kurmi ba su rufe shi ba kamar yadda aka saba gani a kango? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Wurin da kika gani sunansa Villa Epecuén, yana lardin Buenos Aires, kusa da garin Carhué, a gaɓar tafkin Epecuén. An kafa shi a farkon shekarun 1920, kuma abin da ya ja mutane zuwa can shi ne ruwan tafkin, wanda gishirinsa ya ninka na teku sau da yawa, har mutum kan kwanta a kansa ya yi ta yawo ba tare da ya nutse ba. Jama'a sun yi imani cewa wanka a cikinsa yana sauƙaƙa ciwon sanyin ƙashi da cututtukan fata, saboda haka tsofaffi da marasa lafiya suka riƙa zuwa a jirgin ƙasa, aka gina otal-otal, masaukai da wuraren wanka. A shekarun 1970 mazauna garin ba su wuce 1,500 ba, amma daga watan Nuwamba zuwa Maris, wato lokacin zafi a can kudancin duniya, baƙi kusan 25,000 kan sauka a cikinsa.

Ana yawan cewa ruwan sama ne ya halaka garin, amma a ganina wannan rabin labari ne. Tafkin Epecuén shi ne na ƙarshe kuma mafi ƙasa a jerin tafkunan yankin, ba shi da mafita, don haka duk ruwan da ya shiga cikinsa sai dai rana ta ƙafar da shi. Da aka yi shekarun fari har ruwa ya ja baya, masu otal suka shiga damuwa, sai hukuma ta haƙa magudanar Ameghino a shekarun 1970 domin ta kawo ƙarin ruwa cikin jerin tafkunan. Daga baya damina ta yi ta albarka shekara da shekaru, aka rasa hanyar rage abin da aka gayyato, aka koma dogaro da ganuwar ƙasa da aka tare tafkin da ita. Ranar 10 ga Nuwamba, 1985, bayan ruwa da iska mai ƙarfi, ganuwar ta ɓalle.

Ruwan bai zo da gudu ba, a hankali ya riƙa hawa, shi ya sa ba a rasa rai ba, mutane suka samu kwanaki suna kwashe gadaje, ƙofofi da tagogi zuwa Carhué, da yawansu da tunanin za su dawo ba da jimawa ba. Zuwa 1993 zurfin ruwan a kan garin ya kai kimanin mita 10. Sai a wajajen 2009 ya fara janyewa, tituna suka sake bayyana.

Game da ciyawa kuwa, gishirin da ya ɗaukaka garin shi ne ya hana ta. A kango na yau da kullum saiwoyi ne ke tsaga bango, kurangar daji ta hau rufi, amma a nan ƙasa ta sha gishiri sama da shekara 20, har yawancin tsirrai ba sa iya kamawa sai 'yan ƙananan da suka saba da shi. Farin da kika gani a jikin bango da kututture ɓawon gishiri ne da ya daskare. Idan mutum ya matso kusa zai ga matakala da ke hawa ba ta kai ko'ina ba, bahon wanka a tsakiyar ɓaraguzai, da motocin da tsatsa ta cinye har suka zama ƙwarangwal. Ginin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne mayankar da magini Francisco Salamone ya zana a ƙarshen shekarun 1930, wadda har yanzu manyan haruffan sunanta suke tsaye a samanta.

Mutum ɗaya, Pablo Novak, wanda aka haifa a 1930, ya zauna a gefen kufan shi da karnukansa, yana zagayawa a kan keke yana nuna wa baƙi inda kowane gida yake a da, har ya rasu a watan Janairun 2024 yana da shekara 93. Yau masu yawon buɗe ido da masu ɗaukar hoto ne ke zuwa su ga kufan, masu neman wankan gishiri kuma suna sauka a otal-otal ɗin Carhué.