Ga ƙanwar da aka ce ta rage ƙugu kafin ta tafi Milan

Ƙanwata, tun jiya da na ga tambayarki zuciyata ba ta kwanta ba. Kin ce ejansinki na Legas, masu nemo miki aikin tallan kayan sawa, wato modelin, sun ce abokan hulɗarsu na Milan za su ɗauke ki in ƙugunki ya sauko daga santimita 94 zuwa 89 kafin Satumba, kina neman dabarar rage ci. Ni ba zan ba ki dabarar ba, domin na bi hanyar nan, na san inda take kaiwa.

Da farko ki sa hannu ki taɓa ƙugun naki. In ƙashi kika ji, to maganar ta ƙare, yunwa ba ta rage faɗin ƙashi. Tsoka za ki rasa, da gashi, da jinin al'ada. Ni nawa ɗaukewa ya yi gaba ɗaya a Paris, kuma matar da ke riƙe da fayil ɗina a ejansinmu ta sani, ni da bakina na faɗa mata. Ta ɗaga kafaɗa ta ce haka kowa yake. Matar nan duk Litinin sai ta sa na tuɓe na bar ɗan kamfai a tsakiyar ofis, maza na wucewa, ta zagaya ni da tef, ta faɗi lambar da ƙarfi wani ya rubuta. Ran da jiri ya kayar da ni a wurin gwajin kaya, na farfaɗo na ji muryarta a waya, ba lafiyata take tambaya ba, tambaya take ko rigar ta yage. Sati na zagayowa ta kama kumatuna ta ce fuskata ta fara kyau. Wallahi har yau in na ga tef a wuyan tela sai gabana ya faɗi. Na yafe wa mutane da yawa a duniyar nan, ita kam na bar ta da Allah.

Za su ce miki yanzu akwai doka. Eh, akwai. Madrid ta hana masu BMI (ma'aunin nauyin jiki gwargwadon tsawo) ƙasa da 18 hawa dandamalin nunin kaya a 2006, shekarar da mai tallan kaya Luisel Ramos ta rasu a Uruguay tana da shekara 22, jim kaɗan da saukowarta daga dandamali, Ana Carolina Reston ta Brazil ma ta bi ta. Faransa tun 2017 ba a wannan aikin sai da takardar likita, wanda ya karya dokar tarar yuro 75,000 ce da ɗaurin wata shida. LVMH da Kering, manyan kamfanonin kayan sawa na Faransa, su ma sun sa hannu cewa sun daina ɗaukar mata masu saiz 32. Amma rigar gwaji guda ɗaya ake ɗinkawa, a kan saiz 34, wani lokaci 36, wadda ta shige ta ita ce ta samu aiki. Ba wanda zai ce miki kada ki ci abinci, zip ɗin ne kawai ba zai rufe ba, a ce miki an gode, ki tafi. Ana nuna mana Paloma Elsesser da Precious Lee, masu tallan kaya masu jiki, a ce an samu canji, ina ƙaunarsu, amma ƙidayar da mujallar Vogue Business ke yi a nunin kaya na manyan birane huɗu, wato New York, London, Milan da Paris, ta nuna kayan da masu jiki ke sawa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga allurar Ozempic, ta ciwon suga da ake yi don rage ƙiba, ta zo ta ƙara mayar da komai baya.

Abin da ke ci mini rai, a gida tsinke ake kirana, gwaggonina har sha-ka-fashe suka nemo mini lokacin da na dawo, kuma shi ma guba ne, kada ki yarda a ɗura miki.

Ki karanta kwantiragin da kyau, ki ba lauya ko wani babba ya duba. Kuɗin jirgi da biza da ɗakin da za a cusa ku ku da yawa, duk bashi ne a kanki, kuma da bashin ake tsorata yarinya ta kasa cewa a'a. Ki nemi su rubuta miki maganar santimita 89 ɗin a takarda, ki ga ko za su yarda. Ki je wurin likitanki, ba nasu ba. Kuma don Allah ki faɗa wa Mama gaskiya, kada ki riƙa ce mata kin ci a waje.

Da ƙugu 94 akwai aikin hotunan talla da na kayan kwalliya, kuma masu zanen kaya na Legas da Dakar da yawa kan jikin wadda suka ɗauka suke gyara riga. Turo mini hoton shafin da ya yi maganar kuɗi a kwantiragin ta akwatin sirri, zan duba miki yau da daddare in sha Allah.