Likita ya ce in rage maiƙo: wace madara zan saya in haɗa kindirmo?

Anti, ina da cikin wata biyar. Sati uku da suka wuce na ci waina da miyar taushe da daddare, can cikin dare ciwo ya turnuƙe ni ƙarƙashin haƙarƙarin dama har yana harbawa kafaɗa. An yi hoto an ce tsakuwa ce a maɗaciya, likita ya ce in rage maiƙo har in haihu. Surukata kuma ta ce zan ƙuntata wa abin da ke cikina. Kindirmo ne kaɗai nake sha ya zauna mini. Shi ma in bar shi? In kuma a gida zan haɗa, wace madara zan saya? Daga Zariya.

Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi, ya raba lafiya. Kada ki bar kindirmonki.

Maɗaciya 'yar jaka ce ƙarƙashin hanta, tana tara ruwan ɗacin da ke narka mai. Da abinci mai maiƙo ya isa hanji sai ta matse ta feso shi. Idan mace na da ciki, sinadaran jikinta kan sa jakar nan ta yi nawa wajen matsewa, ruwan ya yi kauri, tsakuwa ta samu wurin zama. Ranar da aka ci mai da yawa sai ta matse da ƙarfi a kan tsakuwar, shi ne ciwon da ya tashe ki. Likitoci sukan so a lallaɓa da abinci har a sauka, sai in ciwon ya ƙi kwanciya.

Surukarki kuwa tsoronta na da tushe, ki saurare ta da ladabi. Mai cikin wata huɗu zuwa shida tana buƙatar ƙarin kalori wajen 340 a rana, a watanni ukun ƙarshe kuma wajen 450. In kika janye mai ba ki cike gurbinsa ba, lallai za ki rame. Abin da za ki nuna mata shi ne inda man yake ɓuya. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja giram 14 ne na mai zalla. Kofi guda na kindirmon madara mai cikakken mai kuwa bai wuce giram 8 zuwa 9 ba. Ludayin man da ake kwarara wa ɗanwake ko garau-garau ya fi kofi huɗu na kindirmo maiƙo. Kasko da tanda su ne inda za ki sa ido: ƙosai, fanke, waina, soyayyar awara, soyayyen dankali, man shanun da ake gambaza wa tuwo, kitsen balangu.

Ki maye ƙosai da alale mai ɗan mai kaɗan, soyayyen ƙwai da dafaffe, soyayyen kifi da gasasshe ko farfesu. Kaza ki cire fatar. Wake, dankalin Hausa, kwaɗon zogale, fate, miyar kuka da ta kuɓewa duk naki ne. In tukunya ɗaya ake yi wa gida, ki ɗebi miyarki kafin a zuba mai, ko ki bar ta ta ɗan huce ki kwashe wanda ya taso sama. Ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, don doguwar yunwa ma tana sa ruwan ɗacin ya kwanta ya yi kauri.

Kada kuma ki yi gaba da mai ɗungurungum. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sai da ɗan mai, kuma ƙwaƙwalwar jariri da idonsa suna buƙatar irin man da ke cikin kifi kamar titus da shawa. Yanka ɗaya gasasshe, sau biyu a mako, in jikinki ya karɓa. Ƙaramin cokalin manja a miyarki ba laifi.

Batun madara shi ne inda mata da yawa ke yin asarar kuɗi. Garin madarar da ke kasuwa iri uku ne, ki duba jikin leda ko buhu. Wadda aka rubuta full cream tana da mai giram 26 zuwa 28 a cikin kowane giram 100. Wadda aka rubuta filled an cire mata man shanunta an mayar da man tsirrai, galibi dangin manja da aka tace. Ta fi araha, shi ya sa ta cika shaguna, kuma mutane na ɗauka ai tunda an cire man shanu ba ta da maiƙo. Yawan manta kusan daidai yake da na farkon, maɗaciyarki kuwa ba ta tambayar daga saniya man ya fito ko daga itace. Taki ita ce wadda aka rubuta skimmed, manta bai wuce giram ɗaya da rabi ba, amma furotin da kalsiyam ɗinta suna nan ba su ragu ba. Kirima da ake zuba wa shayi kuma ba madara ba ce, mai ne da siga, ba ta ma yin kindirmo.

In madarar awo za ki saya, irin wadda ake ɗebowa daga buhu mai kilo 25 a kasuwanni kamar Singa ta Kano, ki ce wa mai shago ya nuna miki buhun ki karanta da idonki, ki ga ranar lalacewa. In an juye ta a roba babu buhu, ki haƙura ki nemi ta leda mai lambar NAFDAC.

Abu guda da ba na so ki yi wasa da shi: ba kowane ciwon gefen dama ne na tsakuwa ba. In ya zo da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, yana iya zama hawan jinin masu ciki. In ya zo da zazzaɓi, ko amai ba tsayawa, ko ido ya yi ɗorawa, ko tafin hannu da na ƙafa suna ƙaiƙayi da dare, ki tafi asibiti a lokacin, kada ki jira ranar awo.

Anti, na gwada haɗa yogot da madara marar mai har sau biyu, yana fitowa tsararo, ruwa a sama, wani lokacin ma bai kama ba. Ina nake kuskure? Daga Maraɗi.

'Yar'uwa, madarar da aka cire wa mai dama takan ba da yogot mai ɗan ruwa-ruwa. Maganinsa ki ƙara gari. Ga yadda nake yi.

Ruwa lita ɗaya, wato kwatankwacin ledar fiya wata biyu, sai garin madara cikin gwangwanin madarar ruwa sau biyu, wajen giram 140 ke nan. Ki dama da ruwa mai sanyi tukuna don kada ya yi gudaji, sannan ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa, har ki ga ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya tururi na tashi. Wannan shi ne wajen digiri 85. Ki bar ta a haka minti goma, kada ta tafarfasa ta zube. Dafawar nan tana kashe abin da ke cikin ruwan, kuma ita ke gyara furotin ɗin madarar ya riƙe ruwa. Masu tsallake ta su ne ke samun ruwa a sama.

Sai ki sauke ta huce zuwa digiri 43 ko 45. In babu ma'auni, ki wanke hannu da sabulu ki tsoma ƙaramin yatsa: in kin iya ƙirga goma da ɗumi sosai ba ƙuna, ta yi. A nan yawanci ake ɓata aiki. In da zafi kika zuba iri, wato ɗan yogot ɗin da ke sa madarar ta kama, kin kashe shi. In ta yi sanyi kuma, sai ya yi barci.

Iri cokali biyu ya isa lita ɗaya, ƙari ba ya ƙara kauri, tsami yake ƙarawa. Ki samo yogot marar siga na cikin firij, sabo. Irin na kwali da ke yin watanni a kan kanta ba tare da sanyi ba an dafa shi bayan haɗawa, ƙwayoyin da ke yin aikin sun mutu, ko kin juye kwalin duka ba zai kama ba. Ki dama irin da 'yar madarar a kofi, ki juye, ki juya sau biyu, ki rufe.

Ni a kular abinci nake zubawa, bayan na ɗauraye ta da tafasasshen ruwa. Da bazara awa biyar zuwa shida ya kama. Da hunturu nakan naɗe kular da bargo in tura ta lungun ɗaki bayan isha'i, ba mai taɓa ta. Bayan sallar asuba in na ɗaga murfin, sai wannan ƙamshin mai ɗan tsami ya bugo ni, in na karkata kular sai ya motsa gaba ɗaya kamar kafaffen kamu, cokali ya bar rami a inda ya ɗiba. In kika ga haka, kada ki juya shi da ɗumi, ki sa a firij awa huɗu tukuna. In kina son kauri sosai ki juye a farin ƙyallen tata mai tsabta, ki bar shi ya tsane awa biyu cikin firij.

Ki ware irin gaba tun kafin a fara sha, da cokali mai tsabta. Bayan zagaye huɗu ko biyar ki sayo sabo. Wanda bai kama ba bayan awa goma, ko ya yi yauƙi, ko warinsa ya canza, mai ciki ba ta ɗanɗana shi, zubarwa ake yi.

Hajiya, iyalina na da juna biyu, tana shan yogot kullum. Na ga injin haɗa yogot na lantarki a kasuwa, in saya mata? Daga Kaduna.

Malam, Allah ya saka da alheri da wannan kulawa. Aikin injin ɗaya ne tak, ya riƙe ɗumi wajen digiri 43 na tsawon awanni. In an ɗauke wuta a tsakiya ya zama roba kawai. Kula mai kyau tana yin aikin nan ba ruwanta da NEPA. Da ni ce, ɗan ma'aunin zafi na girki zan saya, da kwalabe masu murfi, da kular da ba za a riƙa zuba miya a ciki ba. Ragowar kuɗin ka sa a wajen sanyi, don nan ne matsalar take. Yogot na gida yana kwana biyar zuwa bakwai a firij mai sanyi ƙasa da digiri 5. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, a riƙa haɗa rabin lita, a shanye a ranar.

Anti, an ce nonon Fulani ba shi da mai tunda an kaɗe man shanun. Ba gara in saye shi in huta ba? Cikina wata bakwai. Daga Gombe.

Gaskiya ne ƙanwata, nonon da aka kaɗe aka cire mai yana cikin mafi ƙarancin maiƙo, kuma da shi aka raini yawancinmu. Damuwata ɗaya ce: an dafa madarar kafin ta kwana ko ba a dafa ba? Kindirmo akan dafa, nono kuwa sau da yawa ɗanye ake barinsa ya yi tsami, wani kuma a ƙara masa ruwa a hanya. Tsami ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta.

Ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, a mutum kuma ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, a yi ta shan maganin maleriya da taifot a banza. Tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Akwai kuma listeriya, wadda ko a cikin firij tana hayayyafa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan sau 10. Uwar tana iya jin ɗan zazzaɓi da ciwon jiki kawai, amma abin ya kai ga ɓari, ko bakwaini, ko a haifi jariri ba rai. Wata biyu suka rage miki, bai kamata a yi kasada da su ba.

Ba sai kin rabu da mai nononki ba. Ki roƙe ta ta riƙa kawo miki sabuwar madara da safe kafin ta yi tsami. Ki tace, ki tafasa, ki bar ta ta kwana a firij. Da safe za ki tarar maiƙon ya taru a sama, ki kwashe da ludayi ki ba yara ko ki tara a yi man shanu. Sauran ki sake ɗumamawa ki zuba iri kamar yadda na faɗa wa 'yar'uwarmu ta Maraɗi. Furar ma ki dama da ruwan da kika yarda da shi, ƙanƙarar da ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba ki bar ta. Siga kuma ki yi hankali, musamman in an taɓa ce miki sugan ciki ya hau. Ayaba rabi ko dabino biyu sun isa su kashe tsamin kofi guda.

Anti, da kindirmo nake haɗiye maganin ƙarin jinin da aka ba ni wajen awo, don yana tayar mini da zuciya. Akwai matsala? Daga Katsina.

Akwai 'yar matsala, 'yata. Kalsiyam ɗin da ke cikin kindirmo yana rage yawan sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa daga ƙwayar, haka ma shayi. Dukansu kuma kina buƙata: kalsiyam wajen miligiram 1,000 a rana, wanda kofi ɗaya na kindirmo ke ba ki kusan 300 daga ciki, sai ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha kullum. Ki raba musu lokaci, a samu aƙalla awa biyu tsakani. Kindirmo da hantsi, ƙwayar kuma da daddare bayan kin ɗan ci abinci, da ruwa ko lemon zaƙi, don lemon yana taimaka wa ƙarfen shiga jiki. In har da haka tana tayar miki da zuciya, ki faɗa wa malamar awo ta canza miki wata, kada ki ajiye ta ki yi shiru.