Amsa ga ɗan'uwan da yake yawan cewa zai ajiye jagorancin zumunta

Salama a gare ka ƙanena, da dukan 'yan'uwa a wannan zaure. Ka ce an ɗora maka jagorancin zumuntarku ta ranar Juma'a a Riyad bayan wanda yake riƙe da ita ya koma gida, yanzu kai ne mai wa'azi, kai ne mai ɗauko mutane a mota, a hannunka kuma baiko yake kwana. Ka ce duk ranar da wani ya yi maka gyara sai ka kashe waya, ka daina amsa saƙo, har ka sha rubuta musu cewa ka ajiye aikin, sa'an nan a bi ka da roƙo ka dawo. Kana tambaya wane irin hali ne ya dace da shugaban ikilisiya, da kuma yadda mutum zai daina rushe abin da ya gina da hannunsa. Da na karanta sai da ƙirjina ya yi nauyi, domin na san wannan shirun, na kuma san abin da yake jawo wa waɗanda ake yi wa shi.

Ni ba fasto ba ce, aikin jinya nake yi a Jidda, amma na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na wata ƙaramar zumunta a ƙarƙashin wani dattijo da ba zan ambaci sunansa ba. Gaskiyar magana, mutumin yana da baiwa. Ya san Littafi Mai Tsarki ciki da waje, in an kira shi tsakar dare zai kai marar lafiya asibiti, kuma a watan Nuwamba na 2013, da wa'adin afuwar da gwamnatin Saudiyya ta ba baƙi marasa takardu ya ƙare aka shiga kamensu, shi ne ya yi ta zirga-zirga yana binciken wanda aka tafi da shi tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, da wanda ya saura. Saboda haka muka ƙaunace shi, saboda haka kuma babu mai iya ce masa a'a. Abin da bai bi ta hannunsa ba, a wurinsa bai yiwu ba. Akwai wani saurayi ɗan Filato da ya taɓa jagorantar binciken Littafi sau ɗaya, mutane suka fita suna yaba masa, daga ranar ba a sake ba shi ko karatun aya ba. Duk wanda ya karanta 1 Sama'ila 18 ya san abin da waƙar matan nan da suka yabi Dawuda fiye da Saul ta yi wa zuciyar Saul, mu kuwa mun ga irinsa da idonmu a falon gidan haya.

Abin da ya same ni a hannunsa shi ne wannan. Wani ɗan'uwa direba ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, muka yi karo-karo domin a saya masa tikiti, a kuma ba shi ɗan abin riƙewa idan ya isa gida. Waɗansu suka ba ni na rubuta, waɗansu suka miƙa wa dattijon a hannu bayan sujada, shi kuwa bai gaya mini nawa ya karɓa ba. Da lokacin sayen tikiti ya yi, sai kuɗi suka kasa abin da mutane suka san sun bayar. Na same shi a keɓe na ce masa, Baba, lissafi bai cika ba, ya kamata mu zauna mu haɗa naka da nawa. Ya ce ashe ni ma na fara tuhumarsa, ya kashe wayarsa, ya aika wa mutane cewa tunda ba a amince da shi ba ya sauka. Aka yi ta tururuwa zuwa gidansa ana ba shi haƙuri. Juma'ar da ya dawo, nassin da ya buɗe shi ne Ayyukan Manzanni 5, labarin Hananiya da matarsa Safiratu waɗanda suka yi ƙarya a kan kuɗin da suka kawo, kuma duk lokacin da ya ambaci matar sai ya ɗago kai ya dubi inda nake zaune. Ba mu kai mutum talatin ba a ɗakin, babu wanda bai gane ba. Wata 'yar'uwa da ke gefena ta ɗan matsa, ta ja ɗanta kusa da ita. Da aka zo Jibin Ubangiji aka wuce ni da faranti, ba tare da an kira ni gaban dattawa ba, ba tare da an tambaye ni ko kalma ɗaya ba, alhali ko a ƙauyenmu ba a sa mutum a horo sai an ji ta bakinsa. Na fito na tsaya a bakin titi cikin abaya ina jiran mota, ina kuka, babu kuma wata majami'a da zan ce bari in koma can mako mai zuwa, domin kun san ƙasar da muke ciki. Har yau idan aka buɗe wannan sura jikina yakan yi sanyi.

Daga baya aka gano cewa bai ci kuɗin ba. Ya ranta wa wani ɗan'uwa ne domin ya sabunta iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, da nufin a mayar kafin kowa ya sani, mutumin kuwa ya kasa biya a kan lokaci. Wato alheri ya yi a ɓoye da kuɗin da ba nasa ba, amma ya gwammace in ɗauki sunan ɓarauniya a kan ya tsaya gaban jama'a ya ce ga abin da ya faru. Har ya bar ƙasar nan bai ce mini in yi haƙuri ba. Na gafarta masa domin Ubangiji ya umarce ni, amma ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Da ya tafi kuma zumuntar ta watse cikin 'yan watanni, domin shi kaɗai ne yake da lambobin kowa, shi kaɗai ya san gidan da za a taru, bai kuma bar wani ya koyi tsayawa a gaba ba.

Ƙanena, kada ka ji kamar ina kwatanta ka da shi a mugunta, tambayarka ma ta nuna kana da taushin zuciya. Amma kalmar nan ta "na ajiye" makami ce, ko mai riƙe da ita bai yi nufin haka ba. Duk lokacin da ka faɗe ta aka zo aka roƙe ka, mutane suna koyon darasi ɗaya, cewa gaya maka gaskiya yana da tsada. Gobe wanda ya ga kuskure zai yi shiru, kai kuma za ka ɗauka komai lafiya, har ranar da abin zai fashe a kan wani marar ƙarfi kamar yadda ya fashe a kaina. Shugaba mai danniya da shugaba mai fushin shiru, dukansu suna sa ikilisiya ta riƙa kewaya yanayin zuciyar mutum ɗaya. Yahaya ya ambaci Diyotarifis a wasiƙarsa ta uku, mai son zama na gaba, wanda har korar mutane yake yi daga ikilisiya. Ban ɗauka ya fara da kora ba, ina jin da ƙin karɓar magana ya fara.

Game da halin da ka tambaya, ka zauna da 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9 ka karanta a hankali. Za ka ga cewa cikin dukan abin da Bulus ya lissafa, iya koyarwa ce kusan ita kaɗai ta shafi gwaninta, sauran duk hali ne: kamewa, natsuwa, saukar baƙi, rashin son kuɗi, rashin taurin kai, rashin saurin fushi, iya riƙe gida, da kyakkyawar shaida daga waɗanda suke waje. Mu nan waɗanda suke waje su ne abokan aikinmu Musulmi, da maƙwabta, da kafili mai ɗaukar nauyin zamanmu a ƙasar, da Hausawan nan da muke haɗuwa da su a kasuwa suna jin harshenmu suna lura da mu. Idan mutum ya iya wa'azi amma a wurin aiki an san shi da cin bashi ko zagi, bai cika sharaɗin ba. A gida, ko a ECWA ko COCIN ko EYN, akwai majalisar dattawa, akwai gunduma, akwai wanda za a kai wa ƙara idan shugaba ya kauce. Nan babu kowa a samanka, saboda haka dole kai da kanka ka sa wa kanka linzami tun kafin a buƙace shi.

Ka fitar da baiko daga hannunka wannan Juma'ar, kada ka jira ta gaba. Mutum biyu su ƙirga tare, a rubuta, a karanta wa jama'a a ƙarshen wata, kada kuma wani ya karɓi ko riyal ɗaya a bayan fage. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba, a 2 Korantiyawa 8:18-21 ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. Ba na kuma ba da shawarar a riƙa tara kuɗi masu yawa ana ajiyewa a ƙasar da tara kuɗi ba tare da izini ba yana iya jawo wa mutum tambayoyi. Idan bukata ta taso a haɗa, a biya, a rufe maganar.

Motar ma ka raba. Ka ce idan ba ka yi ba babu mai yi, amma ka taɓa barin wani ya yi shi ba yadda kake so ba, ka yi shiru? Yetro ya gaya wa Musa a Fitowa 18 cewa zai gajiyar da kansa ya kuma gajiyar da jama'a, ka lura da wannan, har jama'ar ma gajiya suke yi da shugaban da ya rungume komai. Manzanni a Ayyukan Manzanni 6 sun sa aka zaɓi mutum 7 domin rabon abinci, daga cikinsu ne kuwa Istifanas da Filibus suka fito. Wa ya san ko cikin waɗanda kake ɗaukowa a mota akwai wanda ya fi ka iya koyarwa? Idan akwai, ka tura shi gaba da hannunka, ko da zuciyarka tana ɗan sosuwa. Mu nan dukanmu a kan takarda muke zaune, kwangila tana iya ƙarewa da wasiƙa ɗaya. Tun da aka sa wa baƙi masu aiki a nan harajin iyali a Yuli 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020, iyalai nawa muka raka filin jirgi? Shugaban da bai shirya magaji ba a irin wannan wuri bai yi wa garken adalci ba.

Ba ka faɗa ba ko iyalinka suna tare da kai. Na tambaya ne domin a aikina na ga abin da kaɗaici da rashin barci suke yi wa mutum, ƙaramar magana sai ta zama dutse. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, amma saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya gudu ya roƙi mutuwa, shi ma ajiye aiki ya yi ke nan. A 1 Sarakuna 19 Allah bai fara da tsawata masa ba, ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi har sau biyu, daga baya ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su rusuna wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya naɗa Elisha. Don haka ka sa wa kanka doka: babu rubuta saƙon fushi da dare, babu yanke shawara bayan dogon aiki, sai ka ci abinci ka kwana. Idan da safe maganar tana nan da nauyinta, ka kira mutumin kai tsaye kamar yadda Matiyu 18:15 ya ce, kada ka zuba ta a WhatsApp inda kowa zai karanta ya ɗauki ɓangare.

Mutane za su ce maka babba juji ne, ka haɗiye komai. Ni ban yarda da rabin wannan magana ba, domin abin da aka haɗiye ba a faɗa ba shi ne yake fitowa a wa'azi, a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ka nemi mutum ɗaya da ya girme ka, wanda ba ya jin tsoronka, ka ba shi izini a gaban jama'a ya riƙa tambayarka. Ka riƙa kiran faston da ya san ka a gida, ka gaya masa har abin da ba ka so ya ji. Su kuma 'yan'uwan ka koya musu yadda za su yi maka gyara, domin wani lokaci laifin yana wurin yadda aka faɗa. Akila da Bilkisu, waɗanda su ma korarru ne daga Roma bisa umarnin Kalaudiyas, kuma a gidansu ikilisiya take taruwa kamar namu, da suka ji Afolos bai cika koyarwa ba sai suka ja shi gefe suka yi masa bayani. Shi kuma, duk da iya maganarsa, ya saurara.

Idan bayan addu'a ka ga lalle ba za ka iya ci gaba ba, sauka ba zunubi ba ne, amma ka yi shi a fili, ka sa rana, ka miƙa littafi da lambobi ga wanda aka zaɓa, ka ci gaba da zuwa sujada kana zama a ƙarƙashinsa. Kafin nan ina roƙonka ka bincika ko akwai wanda ya daina zuwa tun ranar da ka fara kashe waya, ka je ka same shi da ƙafarka, domin ni babu wanda ya zo. Idan kana son ganin yadda muka tsara littafin kuɗi a zumuntar da nake yanzu, ka faɗa a nan, zan ba mai kula da zaure ya tura maka.