Tambaya da Amsa: Laftof ta ɗauke fuska, gyara ko sauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Madina. Laftof ɗina, Core i5 zubi na shida, idan na kunna ta fanka na juyawa amma fuskar baƙi ƙirin. Mai gyara ya ce madabod ne, wato babban allon da ke haɗa sassanta. Kundin bincikena yana ciki. In gyara ko in sayi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka biya kuɗin madabod tukuna. Cire caja da batir, idan mai cirewa ne, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, sannan ka kunna. Idan shiru, haɗa ta da talabijin da wayar HDMI. Hoto ya fito a talabijin? To galibi madabod lafiya lau, matsalar fuska ce ko siririyar wayarta da ke bi ta mahaɗin murfi, wadda yawan buɗewa da rufewa ke cinyewa. Haska tocilar waya dab da fuskar. In ka hango hoto dishi-dishi, fitilar bayanta ce ta mutu. Sai RAM, ɗan allon ƙwaƙwalwar aiki: a zare shi, a goge haƙoransa masu ruwan zinare, a mayar har ya ce ƙas. Sau da yawa nan abin yake.

Kundinka shi ne gaba da komai. Yana cikin ma'ajin bayanai, wato had-dis (hard disk) ko SSD, kuma mutuwar madabod ba ta taɓa shi. A ciro shi a gabanka, a saka a ƙaramin gidansa mai USB, ka kwashe aikinka a wata kwamfutar. Idan ya nemi makullin BitLocker (tsarin kulle bayanai na Windows) mai lamba 48, duba asusunka na Microsoft. Kada ka yarda a yi "fomat", wato goge komai, kafin wannan, ko wa ya ce.

In ta tabbata madabod ne, ni ban ga amfanin gyaran ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa, a Core i5, daga zubi na takwas yake farawa. Taka an bar ta a baya.

Wajen saye, nemi zubi na takwas zuwa sama, RAM 16GB, ko 8GB mai gurbin ƙari, da SSD 512GB. Sabuwa daga shagunan Jarir ko eXtra tana da garantin shekara biyu bisa dokar Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya, sai dai ka adana fatura, wato rasit, ka ɗauke ta hoto, don rubutunta na gogewa. Idan aljihu bai kai ba, laftof ƙirar ThinkPad ko Latitude ta hannu ta fi sabuwa mai araha ƙwari. Kafin ka miƙa riyal ɗaya, buɗe cmd (tagar rubuta umarni ta Windows) ka rubuta powercfg /batteryreport, a rahoton da zai fitar ka gwada ƙarfin batir na yanzu da na asali, ka kuma tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin farko da ke tashi kafin Windows.

Da zafin Madina kuwa, kada ka ɗora sabuwar a kan katifa ko kafet, ƙofar iskarta a ƙasa take. A share ƙurar fanka sau ɗaya a shekara.